Tsadar tsofaffin motoci: Shin masu 504 da Marsandi a Kazaure da Babura su sayar ko su riƙe?

A ranar 5 ga Mayun 2022 aka yi gwanjon wata motar tsere ƙirar Mercedes-Benz 300 SLR ta shekarar 1955 a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus, inda mai saye ya biya Yuro miliyan 135, kuɗin da ba a taɓa sayen wata mota da shi a gwanjo ba. Tun daga wancan lokaci labaran irin wannan ciniki ke yawo a Facebook da WhatsApp, galibi tare da hoton wata tsohuwar mota da alƙaluman da ke ɗaga hankalin mai karatu.

Waɗannan labarai sun iso wayoyin mutanen da su ma ke da tsohuwar mota a ajiye. A garuruwan Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura da ke arewa maso yammacin Jihar Jigawa, kamar sauran garuruwan Arewa, ba a rasa gidan tsohon ma'aikaci ko tsohon ɗan kasuwa da Peugeot 504 ko 505 ko Marsandi ke kwance a ƙofarsa, wata an lulluɓe ta da tamfol, wata kuma tayoyinta sun daɗe da nutsewa cikin ƙasa. A daidai wannan lokaci kuma farashin kowace irin mota ya tashi a Najeriya, har wadda a da ba a taya ta.

Tambayar da ke gaban masu waɗannan motoci da magadansu ita ce: tashin farashin nan na gaske ne? Idan na gaske ne, a sayar yanzu ko a jira? Amsar ta dogara ne a kan bambance abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, wato darajar da attajirai masu tara motocin tarihi ke ba wasu motoci ƙalilan a Turai da Amurka, da kuma tsadar da faɗuwar Naira ta jawo wa kowane ƙarfe mai taya huɗu a cikin gida.

Abin da ke faruwa a kasuwar duniya

Gaskiya ne cewa wasu tsofaffin motocin tsere sun yi tsadar da ta wuce hankali. A watan Agustan 2018 an sayar da Ferrari 250 GTO ta 1962 a kan Dala miliyan 48.4 a Monterey da ke Jihar Kaliforniya ta Amurka. A watan Nuwamban 2023 wata 'yar'uwarta ta kai Dala miliyan 51.7 a birnin New York. A watan Fabrairun 2025 kuma aka sayar da wata motar tseren Mercedes ƙirar W196 a kan sama da Yuro miliyan 51, a Stuttgart ɗin dai.

Sai dai waɗannan alƙaluma na saman kasuwa ne kawai. Ita 300 SLR mai rufi da ta kafa tarihi, guda biyu kacal kamfanin ya ƙera irinta. Ferrari 250 GTO kuwa guda 36 aka yi tsakanin 1962 da 1964. Masu sayen irin waɗannan motoci suna kallonsu ne kamar yadda ake kallon zanen hannu na wani shahararren mai zane da ya rasu: ba za a ƙara yin wani ba, kuma masu kuɗin da ke so sun fi kayan yawa.

Ko a can ɗin ma kasuwar ba kullum take hawa ba. Gwanjon da ake yi a Monterey kowane watan Agusta, wanda ake ɗauka a matsayin ma'aunin kasuwar, ya tara kusan Dala miliyan 470 a 2022, sannan jimillar ta ragu a shekaru biyu da suka biyo baya, bayan manyan bankunan Amurka da Turai sun ƙara kuɗin ruwa, masu kuɗi suka samu wasu wuraren da za su zuba dukiyarsu. Kafin wannan, an taɓa ganin abin da ya fi haka muni. A ƙarshen shekarun 1980, musamman bayan mutuwar Enzo Ferrari a watan Agustan 1988, 'yan kasuwa sun yi ta cin bashi suna sayen motoci domin su sayar da riba. Da tattalin arzikin Japan da na Yamma ya girgiza a farkon shekarun 1990, farashin motoci da yawa ya faɗi da fiye da rabi, wasu kuma sun ɗauki shekaru masu yawa kafin su koma inda suke.

Me ke sa tsohuwar mota ta yi daraja?

Masana wannan kasuwa sun daɗe da yarda cewa tsufa kaɗai ba ya ƙara wa mota kuɗi. Abubuwa huɗu ne ke yin haka.

Na farko shi ne ƙaranci. Mercedes 300 SL mai ƙofofi da ke buɗewa sama kamar fukafukai, wadda aka ƙera guda 1,400 tsakanin 1954 da 1957, tana wuce Dala miliyan ɗaya a gwanjo. Amma Marsandi ƙirar W123, wato 200 da 230 da suka cika titunan Kano da Kaduna a shekarun 1980, an ƙera kusan miliyan 2.7. Ita ma Peugeot 504 an yi fiye da miliyan uku. Abin da ya kai miliyoyi ba ya zama na nema ruwa a jallo cikin sauƙi.

Na biyu shi ne tarihin motar kanta. A shekarar 2011 an yi gwanjon farar Peugeot 504 ta 1977 mallakar Shugaban Iran na lokacin, Mahmoud Ahmadinejad, a birnin Abadan, aka bayar da rahoton cewa ta kai Dala miliyan 2.5. Babu abin da ya bambanta ƙarfenta da na 504 ɗin da ke kwance a Roni. Sunan mai ita aka saya. Kama da wane, in ji Hausawa, ba ta wane ba ce.

Na uku shi ne kasancewar motar yadda ta fito daga masana'anta: injinta na asali, giyarta, kujerunta, fitilunta, har da kalar fentinta. Na huɗu kuma takardu, waɗanda za su nuna inda aka saye ta, hannuwan da ta bi, da gyare-gyaren da aka yi mata.

Ko a cikin dangin 504 akwai bambanci babba. Kamfanin Peugeot ya fitar da 504 a 1968, ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. A wannan shekarar ne aka fitar da nau'i biyu masu ƙofa biyu, ɗaya mai rufi ɗaya marar rufi, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana. Jimillarsu ba ta kai 40,000 ba, kuma su ne masu tara motoci ke rububi a Faransa. Nau'in mai rufin ne ya ci gasar Safari ta Kenya a 1978, bayan 504 mai ƙofa huɗu ta ci a 1975. Waɗannan nau'o'i biyu ba a harhaɗa su a Kaduna ba. Duk wanda ke da ɗaya daga cikinsu, ko Marsandi ƙirar SL marar rufi ta shekarun 1960 zuwa 1980, to lissafinsa daban yake da na sauran jama'a.

Yadda 504 ta cika gidajen Arewa

Dalilin da ya sa 504 ta yi yawa a wannan yanki yana cikin tarihin ƙasar. Kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna a 1975, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata, kuma gwamnati ke bayar da rancen sayen mota. Gwamnatin soja ta Murtala da Obasanjo ta mayar da Peugeot motar hukuma, don haka daga babban sakatare zuwa shugaban makarantar sakandare, kowa 504 yake hawa. Mai dogon baya ta zama motar haya tsakanin Kano da Daura ta hanyar Kazaure, a-kori-kura kuma ta zama ta ɗaukar hatsi da dabbobi zuwa kasuwannin ƙauye.

An daina ƙera 504 a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000, abin da ya sa Najeriya ta kasance cikin ƙasashen ƙarshe da suka ƙera ta. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agustan 1991, motocin da ma'aikatu da ƙananan hukumomi suka fara aiki da su galibi Peugeot ne. Da gwamnatin Obasanjo ta fito da tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi a 2003, aka rage sayen motocin hukuma, aka sayar wa ma'aikata da yawa daga cikin waɗanda ake da su. Wasu motocin da ke kwance a gidaje yau ta wannan hanya da ta gwanjon ma'aikatu suka shigo hannun masu su.

Daga baya motocin Japan da ake shigowa da su ta Kwatano suka mamaye kasuwa saboda ba su shan mai kamar 504. Kanikawan da suka san kan injin Peugeot suka fara tsufa, matasa kuma suka koma koyon gyaran Toyota da Honda. A hankali motar da a da take alamar rufin asiri ta koma abin da ke tare hanya a ƙofar gida.

Mota ce ta yi tsada ko Naira ce ta faɗi?

Nan ne lissafi ya fi yaudarar mutane. Kafin watan Yunin 2023 ana sayar da Dala a kan kusan N460 a farashin hukuma. Bayan Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji a tsakiyar wannan wata, Naira ta yi ta gangarowa har Dala ta haura N1,500 a farkon 2024. Hauhawar farashin kaya kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamban 2024, a ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Tun da Hukumar Kwastam na lissafa harajin shigo da mota ne bisa farashin canji, motar da aka shigo da ita ta yi tsada sau biyu: a wurin saye da kuma a tashar jiragen ruwa.

Kafin nan ma hanyar ta riga ta ƙuntata. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu. An rufe iyakokin gaba ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Ga yanki irin Babura, da ke dab da iyakar Nijar kuma cinikinsa ke da alaƙa da ƙetaren, kowane rufewa ya taɓa farashin mota da na kayan gyara. Da sabuwar shigowa ta gagari mai matsakaicin ƙarfi, sai ya koma neman wadda aka yi amfani da ita a gida, farashin wannan ma ya bi sahu.

Misali zai fayyace abin. A ɗauka an taya wata 504 mai lafiya N600,000 a farkon 2023, mai ita ya ƙi sayarwa, yanzu kuma an taya ta Naira miliyan 1.5. A ido, kuɗinta ya ninka sau biyu da rabi. Amma N600,000 a canjin N460 ta kai kusan Dala 1,300, ita kuwa Naira miliyan 1.5 a canjin N1,500 Dala 1,000 ce. Wato a ma'aunin Dala motar ta yi asarar kusan kashi 23 cikin 100. Kafin a ce ta riƙe darajarta kawai, ba tare da ribar ko sisi ba, sai an taya ta kusan Naira miliyan 1.95.

Ba sai an je ga Dala ba. Ɗan kasuwar hatsi zai iya auna motar da buhunan gero ko na riɗi: buhu nawa kuɗinta zai saya a wancan lokaci, nawa zai saya yau? Ma'aikaci zai iya auna ta da buhunan siminti ko kuɗin makarantar yara. Idan adadin buhunan bai ƙaru ba, to motar ba ta ƙara daraja ba, lambobin Naira ne suka ƙaru.

Masu saye iri uku ne

Wanda zai sayar da tsohuwar mota a wannan yanki zai gamu da ɗaya daga cikin masu saye uku, kuma kowanne da abin da yake biya wa kuɗi.

Na farko shi ne mai neman motar aiki, wanda zai yi haya ko ɗaukar kaya da ita. Shi lafiyar inji da ƙarfin ƙafa yake dubawa, bai damu ba ko an canza mata inji. Matsalarsa ita ce mai. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da N200 har ta haura N1,000 a ƙarshen 2024, kafin ta ɗan sauko. Tsohuwar 504 kan sha lita 10 zuwa 12 a kowace kilomita 100. Tafiya daga Kazaure zuwa Kano da dawowa, kimanin kilomita 160, za ta ci lita 16 zuwa 19, wato N14,000 zuwa N17,000 idan lita na kan N900. Wannan lissafi ne ke sa mai neman motar aiki ya rage tayinsa.

Na biyu shi ne mai kayan gyara ko ɗan gwangwan. Shi ba mota yake gani ba, sassa yake gani: inji, giya, ƙofofi, gilasai da nauyin ƙarfe. Wasu sassan za su ƙare a shagunan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, gangar jikin kuma a masana'antun narkar da ƙarfe. Kuɗinsa a hannu yake, cinikinsa ba ya ɗaukar lokaci, amma shi ne mai biya mafi ƙanƙanta, kuma motar da ta shiga hannunsa ta tafi ke nan.

Na uku shi ne mai sha'awar tsofaffin motoci, a Abuja ko Legas ko Kano ko ƙasar waje. Shi ne zai iya biyan kuɗin da ya fi na kasuwa, amma shi ne mafi ƙaranci kuma mafi tsantseni. Zai duba lambar shasi da ta inji, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya nemi takardu. Motar da aka ɗora wa injin wata mota, aka sake mata kujeru da fitilu, ta rasa yawancin abin da yake nema.

Ciniki a nan na baka da baka ne ta hannun dillalai, ba kamar Turai ba inda ake wallafa sakamakon gwanjo kowa ya gani. Wannan na ba mai saye da ya san kasuwa dama a kan mai sayarwa da bai sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a wannan harka yana cin mutum ta fuska biyu: wani ya ba ɗan gwangwan motar da ta cancanci ninkin kuɗin, wani kuma ya riƙe gangar jikin da ba ta da mai so yana jiran miliyoyin da ba za su zo ba.

Abin da yankin ke da shi, da abin da riƙo ke ci

Motocin wannan yanki suna da fifiko biyu na haƙiƙa. Busasshiyar iskar Arewa ba ta cin ƙarfe kamar danshi da gishirin bakin teku a Legas, ko gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara. Tsatsa ita ce babbar abokiyar gabar tsohuwar mota, kuma gyaran gangar jikin da ta ci ya fi gyaran inji tsada. Na biyu, tun da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a watan Afrilun 1972, sitiyarin motocinta a hagu yake, daidai da na Faransa, Jamus da Amurka.

Sai dai rana da ƙura su ma suna da nasu ta'adin. Zafi na fasa robobi da allon gaban direba, yana ƙona fenti, yana busar da kujeru. Ɓeraye na cin wayoyi. Man da ya daɗe a tanki yana lalacewa ya toshe hanyoyinsa, birki ya kafe, injin da ya shekara biyar ba a tayar ba kan iya ƙamewa. Motar da aka bari a rana ba ajiya ake yi mata ba, lalacewa take yi a hankali. Riƙo na gaskiya yana buƙatar inuwa, tayar da inji a kai a kai, canza baƙin mai da batir, da bakanike da ya san ta.

Akwai kuma abin da kuɗin zai iya yi da an sayar. Naira miliyan ɗaya da rabi a hannun ɗan kasuwa jari ne na hatsi ko zoɓo a lokacin kaka, ko ragunan kiwo daga kasuwar Maigatari kafin Babbar Sallah. Ga ma'aikacin da ba ya son mu'amala da kuɗin ruwa, akwai takardun Sukuk da gwamnatin tarayya ke fitarwa tun 2017. Kowanne da haɗarinsa, amma dukkansu suna iya haihuwa. Mota a gareji ba ta haihuwa, ciyar da ita ake yi.

Fitar da mota zuwa ƙasar waje ma ba abu ne na wasa ba. Akwai kuɗin ɗaukarta zuwa Legas, takardun fitar da kaya ta banki da Kwastam, kuɗin kwantena, da harajin ƙasar da za ta sauka. Ga 504 mai ƙofa huɗu, waɗannan kuɗaɗe na iya cinye bambancin farashin gaba ɗaya. Nan ne kuma 'yan damfara ke shigowa. Duk wanda ya turo saƙo daga waje ya yi tayi mai tsoka ba tare da ya ga motar ba, sannan ya nemi a fara tura masa kuɗin takardu ko na wakili, to ba mota yake nema ba.

Gado da zakka

Da yawa daga cikin waɗannan motoci masu su sun rasu. Motar mamaci dukiyar magada ce, ba ta babban ɗa ba ce don kawai makullin na hannunsa. Sayar da ita ba da yardar sauran ba kan kai iyali gaban alƙali, haka ma riƙe ta shekara da shekaru tana ruɓewa alhali akwai marayu da gwauraye masu haƙƙi a cikinta. Idan wani daga cikin magada yana son ta saboda tunawa da mahaifi, hanya mafi tsafta ita ce a yi mata kuɗi a gaban shaidu, ya biya sauran rabonsu.

A mazhabar Malikiyya da ake bi a wannan yanki, motar hawa ba ta da zakka, amma idan aka sayar, kuɗin ya kai nisabi kuma ya shekara a hannu, zakka ta hau kansa. Wanda ya sayi mota tun farko da niyyar jiran farashi ya tashi, hukuncinsa na kayan kasuwanci ne, kuma ya kamata ya nemi bayanin malamai kafin ya shiga.

Wa zai sayar, wa zai riƙe?

Idan aka haɗa waɗannan bayanai, masu motocin sun kasu uku.

Wanda motarsa ta daina tashi, take kwance a rana, an canza mata inji ko an cire mata sassa, kuma ba shi da niyya ko halin gyara ta, jira ba zai amfane shi ba. Kowace damina da kowane bazara suna rage mata kuɗi. Gara ya nemi tayi daga mutum uku ko huɗu, ya kwatanta farashinta a dunƙule da na sassanta, ya sayar.

Wanda ke da 504 ko 505 ko Marsandi mai lafiya, da injinta na asali da cikakkun takardu, kuma yana da inuwar ajiye ta, ba ya cikin gaggawa. Kowace mota da ɗan gwangwan ya yanka tana rage yawan irinta, kuma a ƙasashe da yawa ana ganin masu saye na karkata ga motocin da suka gani a ƙuruciyarsu, wato na shekarun 1980 da 1990. Amma ya riƙe ta ne a matsayin abin da yake so kuma yake iya ɗaukar nauyinsa, ba asusun fansho ba. Idan akwai bashi, ko kuɗin asibiti, ko jarin da ya karye, sayarwa ba abin kunya ba ce.

Wanda kuma ke da nau'in da ba a saba gani ba, mai ƙofa biyu ko marar rufi, ko motar da ke da alaƙa tabbatacciya da wani sarki, gwamna ko wani abin tarihi, kada ya yi ciniki a tsaye a ƙofar gida. Ya ɗauki hoton lambar shasi da ta inji, ya tattara rasidi, takardar gwanjon ma'aikata idan daga gwamnati ta fito, takardar Kwastam idan shigo da ita aka yi, da tsofaffin hotunan da take ciki. Kada kuma ya yi mata sabon fenti ko sababbin kujeru da nufin ƙara mata kuɗi, domin mai sha'awa ya fi son tsohon fenti na asali a kan sabo na gefen titi.

Akwai kuma abin da ya wuce aljihun mutum ɗaya. Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas, kuma ɗalibai na zuwa ganinta har yau. Ita kuwa 504 ƙirar Kaduna shaida ce ta lokacin da Najeriya ke harhaɗa motar da shugabanninta ke hawa, lokacin da Kano ke da masana'antar manyan motoci, Bauchi ke da Steyr, Enugu ke da ANAMMCO. Masarautar Kazaure, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da hukumomin tarihi na Jihar Jigawa za su iya sayen biyu ko uku masu kyau yanzu da kuɗi kaɗan, ɗalibai su koyi aikin inji a kansu, na baya su ga abin da kakanninsu suka hau. Idan aka jinkirta, wanda zai yanke hukunci shi ne mai sikelin auna ƙarfe.